Idan Hunturu Ya Sauka a Filayen Kanada



Sharhinmu na yau zai yi dogon zango, zuwa tsakiyar ƙasar Kanada, inda larduna uku suke jere: Manitoba da Saskatchewan da Alberta. Mafi yawan yankin shimfiɗaɗɗen fili ne na alkama da kiwon shanu, mutum zai wuni yana tuƙi bai ga tudun kirki ba. A 'yan shekarun nan 'yan Najeriya da Ghana da Sudan da dama sun koma can, wasu karatu, wasu neman abinci, don haka ba mamaki a cikin masu jina akwai wanda ɗansa ko ƙanwarsa ke Winnipeg ko Regina ko Saskatoon ko Edmonton ko Calgary. Abin da ke iso mu daga wurinsu hoto ne: an tsaya cikin farar dusar ƙanƙara ana murmushi. Wannan hoto minti ɗaya aka ɗauke shi, aka ruga ciki. Sauran sa'o'in yinin su nake so mu duba.

Mu fara da yadda sanyin ke zuwa, domin ba ya aiko da manzo. A ranar 10 ga Oktoban 2019 itatuwan Winnipeg ba su gama zubar da ganye ba, mutane na shirin hutun bikin godiya da suke yi a Litinin ta biyu ta watan. Sai dusar ƙanƙara ta sauko, mai ruwa-ruwa, mai nauyi, ta kwana biyu tana zuba har ta kai santimita 34 a cikin birni. Ta taru a kan ganye, rassa suka kakkarye suka faɗa kan motoci da wayoyin lantarki. Itatuwan birnin kusan 30,000 suka lalace. Dubban gidaje suka rasa wuta, wasu garuruwan karkara suka haura mako a duhu, gwamnatin lardin ta ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwaso mutanen wasu ƙauyukan 'yan asalin ƙasar zuwa birni. Manoma da yawa amfaninsu na gona yana tsaye ba a girbe ba, ƙanƙara ta danne shi.

Dalilin wannan ba-zata yana cikin yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar. Duwatsun Rocky sun miƙe daga kudu zuwa arewa ta yamma da filayen, sun tare iska mai ɗan ɗumi da ke tasowa daga tekun Fasifik. Ta arewa kuwa babu ko katanga. Idan iskar ƙuryar arewacin duniya ta motsa, ba abin da zai tsayar da ita har ta keta iyaka ta shiga Amurka. A garin Browning na jihar Montana, cikin Janairun 1916, ma'auni ya faɗo daga digiri 7 sama da sifiri zuwa 49 ƙasa da sifiri a kwana ɗaya rak. Tun kafin nan, ranar 12 ga Janairun 1888, gari ya waye da ɗan ɗumi a Nebraska da yankin Dakota, iyaye suka tura yara makaranta ba kayan sanyin kirki. Da rana guguwar ƙanƙara ta rufe su. Mutum kusan 235 suka halaka, da yawansu 'yan makaranta ne da suka ɓata a hanyar gida. Mutanen yankin ba su manta da wannan rana ba, kuma ina ganin shi ya sa har gobe ba sa ɗaukar safiya mai daɗi a matsayin alkawari.

To mu shiga gida. A ce magidanci ne da uwargida da yara uku, a wata unguwa a Winnipeg, kuma daren jiya sanyin ya sauka. Abu na farko bayan sallar asuba shi ne duba waya ko kunna rediyo a ji lambobi biyu: sanyin da ma'auni ya nuna, da wanda fata za ta ji idan an haɗa da iska. Na biyun ne ke yanke hukunci. Matsakaicin sanyin Janairu a wannan birni kusan digiri 16 ne ƙasa da sifiri, dare ya kai 30 ba labari ba ne. Mu a Kano ko Zinder, da wuya asubahin hunturu ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifiri, amma har mun rufe tagogi mun ɗage wanka zuwa hantsi. Firizar da muke daskarar da nama a ciki, a kan 18 ƙasa da sifiri take aiki. Ke nan akwai ranakun da cikin firiza ya fi ƙofar gida ɗumi. Hukumar yanayi ta ƙasar na gargaɗin cewa idan sanyin da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Idan ya kai 40, minti 5 zuwa 10 sun isa. Kunne da hanci da yatsu su ne na farko.

Daga nan sai aikin shirya yara, wanda duk uwar da ta yi shi ta san ba ƙaramin aiki ba ne. Rigar ciki mai kama jiki, suwaita a kai, wando mai auduga da ruwa ba ya ratsawa, babbar jaket, safa mai kauri, takalmin but, hular da ta rufe kunne, abin naɗe wuya, safar hannu. Kowane yaro haka. An gama ɗaure na ƙarshen, gumi na karyo wa uwa, sai autan ya ɗago kai ya ce, "Mama, fitsari." A kwance komai a sake. Safar hannu kuwa ba ta kwana biyu da 'yar'uwarta. Kowace makaranta tana da akwati cike da marasa aure. Kuma yaro yana girma, jaket ta bara ba ta shiga bana. Iyalin da suka sauka a watan Satumba da 'yan kuɗin da suka tara, su ne wannan ya fi bugawa, domin kayan sanyin mutum biyar ba ƙaramin kuɗi ke ci ba. Shagunan gwanjo da ƙungiyoyin da ke tattara rigunan sanyi suna raba wa yara su ne ke rufa asiri, kuma ban ga abin jin kunya a nan ba.

Maigida shi yana waje yana fama da mota. Baƙo zai lura kusan kowace mota a wannan yanki tana da 'yar wayar lantarki da ta leƙo ta gaba. Ta wata ƙaramar hita ce da ke cikin inji. Da dare a jona ta a soket ɗin jikin gida, a wuraren ajiye motoci na ofisoshi ma akwai soket a jere. In ba a jona ba, baƙin mai ya yi kauri, batir ya rasa ƙarfi, da safe ka murɗa makulli ka ji shiru. Shi ya sa tambayar ƙarshe kafin barci a gidaje da yawa ita ce, "Baban yara, ka jona motar?" In bai jona ba, sai ya sake sa kaya ya fita. Ga kankare gilashi, ga sauya tayoyi zuwa na hunturu, waɗanda ake ba da shawarar a sa tun sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Kowa ya sani, amma kowace shekara ranar da dusar farko ta zuba sai ka ga layi a wurin masu taya, ga motoci sun zame sun daki juna a mahaɗar titi. Ɗan Adam ɗaya ne ko'ina; mu ma sai hadari ya haɗo muke neman mai gyaran rufi.

Sannan shebur. A Calgary doka ta ba mai gida awa 24 bayan dusar ta tsaya ya share hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gaban gidansa, in ba haka ba tara. Ka gama sharewa, gireda ta zo gyara titi ta tara maka wani sabon tudu a bakin ƙofa. In ka bar mota a titi daren da za a share, da safe janwe ya ɗauke ta. Likitocin ƙasar kan ja kunnen masu hawan jini da ciwon zuciya a kan wannan aiki, domin kowace shekara akwai waɗanda ke faɗuwa da shebur a hannu.

Abin da ya fi ba sababbin zuwa mamaki shi ne ba a rufe makaranta. A Winnipeg sai sanyin da iska ya kai wajen 28 ƙasa da sifiri kafin a hana yara fita wasa lokacin tara. Motocin ɗaukar ɗalibai sai ya kai 45 ake dakatar da su, kuma ko a ranar makarantu a buɗe suke, iyaye su san yadda za su yi. Wato a digiri 20 ƙasa da sifiri malama za ta kaɗa 'yan shekara shida waje su yi guje-guje. Uwar da ta taso inda ake hana yaro shan ruwan randa don kada ya yi mura, za ta ga wannan kamar rashin imani. Amma ni ina bayan malaman. Hunturun nan yana kai wata biyar. In aka ce sai an samu sauƙi za a fita, yaro zai yi kusan rabin shekara bai motsa jiki ba, ma'aikata ba su je aiki ba, gari ya mutu. Mutanen wurin tuni suka yanke shawarar cewa sanyi ba uzuri ba ne, shiri kawai yake buƙata.

Cikin gidan kansa ɗumi ne, wajen digiri 20 ko 21, yaro na yawo da singileti. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai injin ɗumama gida, mafi yawa da gas yake aiki, yana hura iska mai zafi ta bututu zuwa kowane ɗaki. Iskar ta bushe ƙarau, leɓe ya tsage, yara su yi haɓo, man kaɗanya da aka zo da shi daga gida ya zama abin tattali. Ba a buɗe taga, saboda haka ƙamshin daddawa da soyayyen manja sai su kama jaket su bi mutum har ofis. Turaren wuta kuma, uwargida ta sa shi da niyyar alheri, na'urar gano hayaƙi ta ɗauki ihu har maƙwabta su ji.

Duk wannan jin daɗi a kan inji ɗaya da wayar lantarki ɗaya yake rataye. In injin ya mutu da tsakar dare ba a jiran gari ya waye, domin ruwa zai daskare a bututu ya fasa shi. A hunturun ƙarshen 2013 zuwa 2014, wanda Winnipeg ba ta ga irinsa ba tun 1898, sanyi ya ratsa ƙasa ya wuce mita biyu, ya daskarar da bututun ruwan gidaje sama da 2,000. Wasu sai da maƙwabci ya jawo musu tiyo daga gidansa. A daren 13 ga Janairun 2024 kuwa, lokacin da sanyi ya wuce 40 ƙasa da sifiri a kewayen Edmonton, saƙon gaggawa ya shiga wayoyin mutanen Alberta cewa kowa ya rage amfani da wuta, in ba haka ba za a fara ɗaukewa bi da bi. Cikin 'yan mintoci jama'a suka kashe fitilu da na'urori, nauyin ya sauka, ba a ɗauke ba. Akwai kuma haɗarin da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya saba shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu, in wuta ta ɗauke a can zai iya tunanin yin haka. A gidan da aka toshe kowace kafa, wannan kisa ne: iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum barci zai ji, shi ke nan. Haka barin mota a kunne cikin gareji, haka dusar da ta toshe bututun fitar hayaƙi ba a share ba. Ko a nan gida ma wannan garwashi yana cin rai kowace shekara.

Sai gajartar rana. A ƙarshen Disamba hasken yini a Winnipeg awa takwas ne da 'yan mintoci, a Edmonton bai kai haka ba. A fita aiki da duhu, a dawo da duhu. Azahar wajen sha biyu da rabi, la'asar biyu da 'yan mintoci, magariba huɗu da rabi. Ma'aikaci zai ga salloli uku sun same shi a bakin aiki. Mai ramuwar azumi kam ya samu garaɓasa. Amma rashin rana yana taɓa jiki, musamman ga masu baƙar fata, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar ƙwayar bitamin D, jarirai kuma a ɗiga musu.

Nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin a ganina abin da hunturun ke karɓewa daga iyalin Bahaushe ya wuce kuɗin gas da na jaket. Yana rufe ƙofa. Gidanmu a buɗe muka san shi: zaure da baƙi, maƙwabciya ta shigo aron turmi ta zauna hira, yara su fice dandali, kaka ta karɓi jariri uwa ta runtsa. A can babu mai sallama ba tare da ya kira waya ba, kuma wa zai fito a irin wannan sanyi don gaisuwa kawai? Ku ɗauki matar da ta biyo mijinta, ba ta samu lasisin tuƙi ba tukuna, ga goyo. Miji na aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko a sito, da rana barci yake. Fita sayen madara na nufin tura keken jariri cikin dusa, a tsaya jiran bas iska na yankan fuska. Sai ta haƙura. Kwana uku, kwana biyar ba ta taka waje ba, ba ta ga fuskar babban mutum ba sai a waya. In ta ce ranta ba daɗi, sai a ce mata ta gode wa Allah tana ƙasar Turawa. Wannan ƙunci ciwo ne da likitocin wurin suka sani, suna kuma maganinsa, ba butulci ba ne.

Gidajen da ke fita lafiya, su ne waɗanda maigida ya gane cewa dangin da ke ɗauke wa matarsa rabin aiki suna nesa da shi da dubban kilomita, kuma ba mai maye gurbinsu sai shi. Ya sa wa yara but, ya ɗora tukunya, ya ce, "Jeki ki huta, na ji da su." Wanda ya tsaya a kan cewa shi namiji ba ya shiga madafa, gidansa kan sha wuya kafin Maris. Sai kuma haɗuwar ƙarshen mako, a masallaci ko a gidan wani, kowa ya zo da kwanonsa, a tuƙa tuwon semo da miyar kukar da wani ya yo tsaraba, takalma cunkus a bakin ƙofa suna zubar da ruwa. Mu ma na gida da namu: lokacin hunturu agogon Winnipeg awa bakwai yake bayan na Najeriya da Nijar. Kiran da ka yi da ƙarfe goma na safe, uku na dare ya same su. Kafin a kai ga maganar aike, a tambayi lafiyar uwargida da yara tukuna.

'Yan ƙasar su maganinsu fita ne. A inda kogin Red ya haɗu da Assiniboine a tsakiyar Winnipeg, idan ruwan ya daskare ana gyara doguwar hanya a kansa, iyalai su fito zamiya da takalmi mai ƙarfe. A watan Fabrairu akwai bikin Festival du Voyageur da ake yi tun 1970. Yaran baƙi su ke fara shiga. Kafin iyaye su farga, ɗansu na roƙon a saya masa sandar hoki.

A karkara lissafin ya fi tsanani. Shanu suna waje, gashinsu ya yi kauri, amma dole a kai musu ƙunshin ciyawa da tarakta, a tabbatar kwamin ruwansu mai hita bai daskare ba. Kusan kowane gidan gona yana kewaye da layin itatuwa masu tare iska. Gandun renon itatuwa na gwamnati da ke Indian Head a Saskatchewan ya raba wa manoma dashe sama da miliyan 600 daga 1901 zuwa 2013. Mai tafiya tsakanin garuruwa ba ya rabuwa da bargo da kyandir da ashana da ɗan abinci a mota, kuma ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce: in mota ta maƙale cikin guguwa, kada ka fita neman taimako da ƙafa.

Waɗanda ba su da gida ko mota, su sanyin ke fara ci. Masallacin Al-Rashid na Edmonton, wanda asalinsa shi ne masallaci na farko da aka gina a Kanada a 1938, ya buɗe ƙofarsa a tsananin sanyin Fabrairun 2019 ga marasa matsuguni, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, su kwana. A Disamban 2016 wasu samari biyu 'yan Ghana suka tsallako iyaka da ƙafa daga Amurka kusa da garin Emerson na Manitoba, suka yi sa'o'i cikin dusa kafin wani direban babbar mota ya tsaya musu. Sun rayu, amma sai da aka yanke musu yatsun hannu. A Janairun 2022, a wannan yankin dai, aka tsinci gawar wani iyali 'yan Indiya, miji da mata da yara biyu, 'yan taku kaɗan daga iyakar. Duk dillalin da ya ce wa ɗanku tafiyar 'yan mintoci ce a fili, bai gaya masa watan da za a yi ta ba.

Sauƙi ba ya samuwa sai wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kuma shi ma da nasa aikin: dusar ta narke ta zama taɓo, tituna su cika da ramuka, ruwa ya nemi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mutanen kwarin kogin Red su zuba ido kada a maimaita ambaliyar 1997. A daidai wannan lokaci shaguna ke karya farashin kayan sanyi don su rabu da su, iyaye mata kuma su je su sayi jaket da but na baɗi, kowane yaro a ƙara masa lamba ɗaya.